Amsa ga mai tambayar girkin gwauro a Agege

Ɗan uwa, ka ce kai kaɗai ne a ɗaki, risho ɗaya gare ka, kuma sayen abinci a waje ya cinye maka aljihu. To, ka fara da garau-garau. Ka ɗora wake da ɗan ƙanƙanin kanwa, sai ya yi kamar rabin awa ya fara laushi sannan ka zuba shinkafa. Idan ka haɗa su tun farko, shinkafar za ta caɓe waken bai nuna ba. Ka soya albasa a man gyaɗa har ta yi ja, ka zuba a kai da yaji. Shi ke nan.

Yajin ne ke ɗauke da abincin, don haka kada ka sayi na banza. Na ƙuli-ƙuli da citta nake nufi. Amma ka zuba shi a kwalba mai murfi, domin laimar Legas tana dunƙule shi cikin 'yan kwanaki. Ni na taɓa asarar leda guda haka.

Albasa kuwa, ka je kasuwar Mile 12 da sassafe, inda motocin Arewa ke sauke kaya. Ka haɗo da daddawarmu busasshiya, ta fi iru na Yarbawa daɗewa ba firij.