Hukuncin yi wa dattijo aikin cire tsakuwar fitsari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya haura shekara 85, yana zaune wurina a Agege. Fitsari yana ba shi wahala, wani lokaci har da jini. An yi hoto a asibiti, aka ga tsakuwa a mafitsararsa, wata kuma ta maƙale a bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Likita ya ce sai an yi aiki. Yayanmu ya ce kada a taɓa shi, tsufa ba shi da magani, in ya rasu a ɗakin tiyata alhakinsa na wuyanmu. Baba yana cikin hankalinsa, shi ya ce a tambayi malamai.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

Maganar yayanku tana da asali a hadisi, sai dai ya ɗauki rabi ya bar rabi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik cewa Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai sanya cuta ba face Ya sanya mata waraka, ban da guda ɗaya: tsufa. To, tsufa aka cire. Tsakuwa kuwa cuta ce da ta sami tsoho, kuma an san maganinta. Shekaru kaɗai ba sa haramta aiki.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halakar rai ko lalacewar gaɓa, yana kuma zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar tsanani. Saboda haka ba a ɗaure tsakuwoyin nan biyu da igiya ɗaya ba.

Wadda ta toshe bututu ita ta fi tayar mini da hankali. Fitsarin da ya kasa wucewa yana kumbura ƙoda, in aka jima ya kashe ta. Idan zazzaɓi da rawar sanyi suka shigo, ƙwayar cuta na iya shiga jini, kuma jikin tsoho ba ya jure wannan. A irin wannan hali buɗe hanyar wajibi ne, jinkiri ba tare da uzuri ba saɓo ne, saboda faɗin Allah a Baƙara, aya ta 195, cewa kada ku jefa kanku cikin halaka. Likitoci sukan fara zura siririyar roba fitsari ya sauka, a bar cire tsakuwar sai jiki ya farfaɗo.

Ta mafitsara, sau da yawa kumburin furostet (wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar namiji, kewaye da hanyar fitsari) ke haifar da ita, don haka a tambayi likita ko za a magance tushen.

Ku kuma sani, ba kowane aiki ne ake yanka ciki ba. Ana fasa wata tsakuwar daga waje da na'ura, wata a bi ta hanyar fitsari da kyamara a farfasa ta da hasken leza, babbar ta ƙoda da ta wuce santimita 2 a yi ƙaramar huda ta baya. Wani aikin allurar kashe rabin jiki ta wadatar. Ku zauna da likitan fitsari da likita mai sa barcin tiyata, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Ikeja, a auna zuciyar Baba da ƙodarsa da sukarinsa. Kada ku ɓoye masu duk maganin da yake sha, musamman na tsinka jini, har da na gargajiya. In sun ce haɗarin aikin ya fi amfaninsa, barinsa da rage masa zafi shi ne daidai, ba rashin biyayya ba ne.

Yanke hukuncin kuwa na Baba ne tunda yana da hankalinsa. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya nuna ƙin ɗura masa magani da aka yi a rashin lafiyarsa ta ƙarshe bayan ya hana. Ku fassara masa bayanin likita da Hausa dalla-dalla, kada ku rage haɗarin don ya yarda, kada ku ƙara don ya ƙi.

Batun alhaki: in likita ƙwararre ne, Baba ya ba da izini, aka yi aiki bisa ƙa'ida, sannan ajali ya zo, babu zunubi a kanku, babu diyya. Wanda shari'a ta ɗora wa lamuni shi ne mai yin magani bai san likitanci ba, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. A kiyayi masu tallan maganin narkar da tsakuwa a tasha alhali hanya a toshe take.

Idan an sa masa robar fitsari, sallah ba ta faɗi ba. A mazhabar Malikiyya fitsarin da ke zuba rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala. Ya yi sallarsa yadda ya iya, a zaune ko a kwance, in ruwa zai cutar da shi ya yi taimama. Wadda ta wuce shi yana cikin barcin allura, ya rama ta bayan ya farka, shi ya fi tsentseni.

Wallahu a'alam.