Sanyi, Ɗari da Maƙurar Sanyi

Tambaya: Malam, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gusau. Akwai matakin da masana suka ce babu sanyin da ya wuce shi, na ga ana fassara shi "cikakken sifili". Ɗalibaina suka ce, wai da akwai rabin sifili ne? Wace kalma ta dace, kuma sanyi za a ce ko ɗari?

Amsa: Malam, yaran nan sun fi mai fassarar kunnen Hausa. Sifili, ko sifiri, aro ne daga Larabci, asalinsa wofi, abin da babu komai a ciki. Wofi kuwa ba ya cika.

Abin da ya jawo ruɗanin shi ne sifilin ma'aunin zafi ba ɗaya ba ne. Na Salshiyos shata shi aka yi a inda ruwa ke daskarewa, aka sa 100 a inda yake tafasa. Shi Anders Celsius, mutumin Suwidin, a 1742 a juye ma ya tsara abinsa: tafasa 0, daskarewa 100, sai daga baya aka kifa shi. Fahrenheit kuma, mai ma'aunin Farenhait, a 1724 ya ɗauko nasa sifilin daga haɗin ƙanƙara da ruwa da wani nau'in gishiri. Waɗannan duk tamkar turken gona ne, mutum ya kafa, kuma akwai fili a bayansu. A tashar Vostok ta Antaktika an auna digiri 89.2 ƙasa da sifilin Salshiyos a watan Yulin 1983.

Wanda kake tambaya daban ne. Zafi motsi ne na ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu. In ana zare zafin, motsin yana raguwa, har a kai inda babu sauran abin zarewa. Wurin yana digiri 273.15 ƙasa da sifilin Salshiyos, ko 459.67 ƙasa da na Farenhait. A 1848 William Thomson na Jami'ar Glasgow, wanda aka sani da Lord Kelvin, ya kawo ma'aunin da ke fara ƙirga daga can, shi ya sa a ma'aunin Kelbin ruwa ke daskarewa a 273.15.

Ni dai "maƙurar sanyi" zan ce. Maƙura daga ƙurewa take, wurin da in an kai babu gaba, kamar yadda ake ƙure ɓarawo a lungu. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane.

Ɗari kuwa bai shiga nan ba. Ɗari busasshen sanyi ne na hunturu, mai fasa leɓe ya sa kaushi, abu ne na iska da lokaci. Ba ka cewa ruwan randa ya yi ɗari, sai dai ya yi sanyi. Sanyi ne mai faɗi: ya ɗauki ruwa, ya ɗauki hali, har rai ma yakan yi sanyi. A lura kuma, ɗarin hunturu ana jan wasalinsa na farko da murya sama, na ƙirga kuwa gajere ne da murya ƙasa. Rubutunmu ne ya haɗe su. Kuma wannan jaura da ke sa mu kwana da kasko a ɗaki, yawanci ko kusa da daskarar da ruwa ba ta yi.

Tambaya: Daga wata ɗaliba a Maraɗi. Baba, in har sanyi yana da iyaka, ashe "gaba da gabanta" ta ƙaryata ke nan?

Amsa: A'a, 'yata. Cikonta shi ne "aljani ya taka wuta", kuma magana ce ta fifiko: duk ƙarfinka akwai wanda ya fi ka. Ba ta ce komai ba shi da ƙarshe ba. Mai maganar ƙarshen abu ita ce "ƙarshen tika-tiki, tik".

Abin dariyar shi ne masu binciken sanyi sun fi kowa sanin gaba da gabanta. A 1908 Kamerlingh Onnes ya mayar da iskar hiliyam ruwa a Leiden ta Holan, a wajen kelbin 4, aka ga kamar an gama. Yau ɗakunan gwaji sun sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan na kelbin guda. Amma ita maƙurar, ƙa'idar kimiyya ta ce matsawa kawai ake yi kusa da ita, ba a taka ta.