Tambaya da Amsa: Gumakan da ake ja a amalanke a Indiya

Tambaya: Salam Malam. Don Allah na ga wani bidiyo a waya, jama'a maƙil a Indiya suna jan wasu jibga-jibgan amalanke na katako da igiya, a kai ga wani gunki mai dara-daran idanu, hannunsa dungulmi. Wai meye labarinsa ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Wannan bikin Rath Yatra kika gani, na garin Puri a jihar Odisha, can gabashin Indiya bakin teku. Gumakan uku ne, Jagannath da yayansa Balabhadra da ƙanwarsu Subhadra, gidan bautar nasu kuma tun ƙarni na 12 aka gina shi.

Batun hannun nan, a cewar mabiya Hindu wai wani sarki ne, Indradyumna, ya samu gungumen icce a bakin teku, sai wani tsohon masassaƙi ya ce zai sassaƙa gumakan da shi amma fa a kulle shi a ɗaki kwana 21 kada kowa ya leƙa, to ana nan ana nan sai aka daina jin ƙarar gizago, hankalin sarauniya ya tashi ta ce kada tsohon nan ya mutu a ciki, aka buɗe ƙofa. Masassaƙi ya ɓace, aiki bai ƙare ba. Haka suka karɓe su, kuma har yau in za a sake sabbi da iccen darbejiya (na ƙarshe a 2015 aka yi) da dungulmin ake sassaƙa su.

Kafin bikin ana yi musu wanka da tulun ruwa 108, sai a ce zazzaɓi ya kama su, a ɓoye su kamar sati 2 ana jinya. Bayan nan, wajen Yuni ko Yuli, ake fito da su. Amalanken sabbi ake ƙerawa duk shekara, na Jagannath taya 16 gare shi, na yayan 14, na ƙanwar 12, a ja su kusan kilomita 3 zuwa gidan bautar Gundicha, su yi kamar sati a dawo da su. Sarkin Puri da kansa yake hawa ya share kan amalanken da tsintsiya mai mariƙin zinare.

Ni dai abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda ba Hindu ba ba a barinsa ya shiga gidan bautar Jagannath, ko Indira Gandhi, firaministar Indiya a lokacin, an hana ta a 1984 saboda mijin da ta aura ba Hindu ba ne. Amma ranar bikin gumakan ne ke fitowa titi, kowa ya gani. Akwai ma wani mawaƙi na ƙarni na 17, Salabega, ɗan gidan Musulmi ne da ya riƙa yi wa Jagannath waƙa bai samu shiga ba, har yanzu in an zo daidai kabarinsa sai a ɗan tsayar da amalanken kafin a wuce.