Ranar da ba a taɓa baƙar ƙaya

Jiya ka tambaye ni, "Maigida, me ya sa ka ce in mayar da zarto, alhali ga sanda miƙaƙƙiya a cikin shinge?" Ban ba ka amsa ba saboda hannuna na cikin kitse. To zauna ka ji.

Jiya 11 ga Nuwamba ce. A nan Ailan, duk wanda ya gaji sana'ar sanda ya san ranaku biyu da ba a sa wa baƙar ƙaya ƙarfe, wannan icen da suke kira draighean da harshensu: 11 ga Mayu da 11 ga Nuwamba. Tsofaffi suna cewa akwai wasu iskoki, Lunantishi, da ke gadin icen, kuma wanda ya sare reshe a ranakun nan ya jawo wa kansa musiba. Me ya sa sai 11? A 1752 aka sauya kalanda a Ingila da Ailan, aka kwana 2 ga Satumba aka tashi 14. Mutanen karkara suka ce iskoki ba su san da dokar gwamnati ba, suna nan kan tsohon lissafi. Sai jajiberin Sawin, bikin shigowar sanyi, ya koma 11 ga Nuwamba, jajiberin Byaltana, na shigowar ɗumi, ya koma 11 ga Mayu. A dararen nan biyu ne aka yi imani ƙofar da ke tsakanin mutane da mutanen ɓoye takan buɗe.

Kada ka tambaye ni ko na taɓa ganin Lunantishi. Ban gani ba. Abin da na gani shi ne ƙayar. Dubi babban yatsana, nan wurin gaɓa. Ina kamar shekarunka na cusa hannu cikin shinge ba safa, ta soke ni, na zare na ci gaba da aiki. Ashe tsininta ya karye a ciki. Kwana uku yatsan ya kumbura ya yi mugunya, sai da likita ya tsaga. Halinta ke nan, doguwa ce, bakinta na da saurin karyewa, ga dauɗar da take shiga da ita. Wanda ya rayu kafin a sami maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ga ɗan suka ya kai maƙwabcinsa ga rasa hannu, ai dole ya ce icen nan da mai shi.

Daga nan sunansa ya ɓaci. Aka riƙa cewa mayu na soka ƙayarsa a jikin 'yar tsanar kakin zuma don su cutar da wanda suka nufa, kuma da sandarsa suke nuna mutum su tsine masa. A Edinbara, babban birnin Sikotilan, a 1670, da aka ƙone Manjo Thomas Weir bisa zargin tsafi, an jefa baƙar sandarsa cikin wutar tare da shi. A Sikotilan kuma akwai Kalyak, tsohuwar hunturu, wadda ke buga sandarta a ƙasa sai ƙasa ta daskare, wasu na cewa sandar ta wannan ice ce. Ko furensa bai tsira ba. Yana fitowa fari fat a Maris ko Afrilu, tun babu ganye ko ɗaya a kan baƙin reshe, sau da yawa daidai da wani sanyi mai tsanani da ke dawowa bayan mutane sun saki jiki. Manoma har suna kiran sanyin da sunan icen. Kuma ba a shigo da furen cikin ɗaki.

Amma ka lura, mutumin da ke tsoron icen shi ne dai ke riƙe sandarsa in zai yi tafiyar dare, wai iskoki ba sa kusantar mai ita. A tsohon rubutunsu na Ogam ma, wanda ake karta a gefen dutse, malaman baya sun danganta harafin straif da shi.

Kada ka haɗa shi da farar ƙaya, wadda ganyenta ke riga fure. Ita ce bishiyar iskoki ta ainihi. A 1999 sai da masu gina babbar hanya a Latun, yankin Clare da ke yammacin Ailan, suka bar wata guda a tsaye suka kewaye ta.

Yanzu ga abin da ya shafi cinikinmu. Sandar da aka sare a Mayu cike take da ruwa, tana bushewa tana tsagewa, ɓawon ya saki. Ta farkon Nuwamba ma ruwanta bai gama kwanciya ba. Ni sai Disamba ko Janairu. Kuma ba a saman ƙasa za ka yanke ba, tona za ka yi ka fito da ita da guntun saiwarta, don wannan dunƙulen shi ne kan sandar. Ƙayoyin kuma kada ka share su sumul, bar ɗan tudu a gurbin kowace, su mai saye ke shafawa kafin ya tambayi kuɗi. Ka toshe bakin yankan da kaki. Mutanen da sukan shafe ta da man shanu ko kitse su rataye a bututun hayaƙi har ta yi baƙi wul. Ni ina ba ta shekara biyu zuwa uku a rumfa. An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wannan sai ya bushe muke gasa shi da tururi mu miƙe shi a gwiwa.

Wannan sandar ita ce shilele da baƙi ke tambaya, wadda aka riƙa fasa kawuna da ita a faɗan ƙungiyoyi ranar kasuwa a ƙarni na 18 da na 19.

Waccan da ka hango, je ka ɗaura mata jan ƙyalle don kada ta ɓace mana. Bayan Kirsimeti mu koma da shebur, kuma ka zo da safar fata mai kauri.