Amsar tambayar Yaya kan aljinet (murya ce, an rubuta ta don waɗanda ba su samu saurara ba)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na ji muryarki tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce kin ga sunan aljinet a jikin kwalbar maganin ƙwannafin da kike sha, kin sake ganinsa a robar ayis kirim ɗin yara, sannan likitan haƙori ya ce da shi ya ɗauki siffar bakinki. Har kina cewa anya ba guba ake ɗura mana ba, abu ɗaya ya shiga magani, ya shiga abinci, ya shiga kayan aiki? To kwantar da hankalinki, bari in warware miki.

Daga ciyawar teku ake samun sa, irin mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke tsirowa a teku mai sanyi, kamar gaɓar Norwe da Sikotilan da Chile da Kalifoniya. Ita wannan ciyawa igiyar ruwa na wujijjiga ta dare da rana amma ba ta karyewa, saboda wani abu mai yauƙi da ke jikinta yana ba ta laushi da ƙarfi a lokaci guda. Wannan abin shi ne aljinet. Wani masanin sinadarai ɗan Birtaniya, Stanford, shi ya fara ciro shi a 1881. Ciyawar Kalifoniya ɗin nan kuwa, in yanayi ya yi mata daɗi, tana iya ƙara tsawon kusan rabin mita a rana ɗaya. Tsiro ne dai, babu dabba a ciki.

Yanzu ga inda maganar take, ki saurara da kyau, don in kin riƙe wannan kin riƙe sauran duka. Garin aljinet in an dama shi da ruwa kauri kawai yake yi. Amma da zarar ya haɗu da kalsiyam, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da madara, sai ya kama jikinsa nan take, ya zama kamar jeli. Ba wuta, ba firij. Siffarsa kamar dogayen zaruruwa ce da ke yawo a ruwa, kowanne harkar gabansa yake yi. Shi kalsiyam sai ya shiga tsakanin zare biyu ya zauna, ya riƙe wannan ya riƙe wancan, kamar yadda ƙwai ke zama a gurbinsa cikin kiret. Su kansu masanan da kiret ɗin ƙwai suke kwatanta abin. Kuma in ya kama, zafi ba ya narkar da shi yadda yake narkar da jelatin, wato jelin da ake samu daga ƙashi da fatar dabba. Dabara ɗaya ce tal, kowa ya ja ta zuwa sana'arsa.

Ɗauki likitan haƙorin naki. Garin da ya dama a gabanki akwai aljinet a ciki, akwai kalsiyam, akwai kuma wani sinadari da ke ɗan jinkirta haɗuwarsu, don ya samu damar zubawa a faranti ya danna miki a baki kafin ya daskare. Minti biyu zuwa uku ya kama. Da yake yana da laushi kamar roba, sai ya fita ba tare da ya ja haƙori ba, amma kowane lungu ya fito a jikinsa. Kin lura da saurin da suka yi suka wuce da shi ɗakin aikinsu? Ba ya son jira ne. In ya sha iska sai ya bushe ya tsuke, in an bar shi a ruwa ya kumbura, shi ya sa ake hanzarta zuba masa filasta, wani gari mai daskarewa kamar siminti, don a fitar da siffar haƙoran. Abin mamaki, yaƙi ne ya ɗaukaka shi a wannan aiki. Da can wani abu ake amfani da shi, agar, shi ma daga ciyawar teku, akasari daga Japan yake zuwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanya, sai aka koma wa aljinet, kuma ba a sake shi ba.

Na maganin ƙwannafi shi ya fi burge ni, gaskiya. Irin su Gaviscon, in kin duba, za ki ga sodiyam aljinet tare da bakabonet da kalsiyam. Yana isa ciki ya tarar da asid, sai ya zama jeli. Shi kuma bakabonet ya saki iska, kumfar ta maƙale a cikin jelin, ta ɗago shi sama ya yi ta iyo a kan abincin da kika ci, kamar an yi wa tukunya murfi. In cikin ya yunƙuro, murfin ne zai fara tasowa maƙoshi, ba ruwan mai ƙuna ba. Kin ga dalilin da ya sa ake cewa a sha bayan an ci abinci da kuma lokacin kwanciya. Sai dai, Yaya, ke da likita ya hana ki gishiri saboda hawan jini, ki nuna masa kwalbar, don akwai sodiyam a ciki, sinadarin da ke cikin gishiri. Kuma ƙwannafin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa mako bayan mako, a je a duba shi, ba a yi ta rufe shi da murfi ba.

A asibiti kuma ana saƙa shi ya zama kamar auduga, a sa wa rauni mai zubar ruwa, irin gyambon da ya daɗe. Yana tsotse ruwan ya koma jeli mai laushi, ranar canji ya fita ba tare da ya ɗaye sabon naman da ya fara tofowa ba. Kalsiyam ɗin da yake saki ma yana taimaka wa jini ya tsaya. Amma busasshen rauni ba wurinsa ba ne, can manne wa zai yi.

Na ayis kirim ba shi da dogon bayani, hana ƙanƙara yin manyan tsakuwa yake yi, don ya zauna da santsi. In kin ga E401 a jikin kaya, shi ne. Daga E400 zuwa E405 duk 'yan gida ɗaya ne.

Af, na manta da masu yadi, alhali suna cikin manyan masu sayensa. In za a buga zane a kan yadin auduga, dole a kaurara rinin don kada ya malale. Akwai irin rinin da in aka kaurara shi da sitaci sai ya kama sitacin maimakon yadin, launi ya dushe. Aljinet ba ya cin rinin, yana riƙe shi a inda aka ajiye shi, a wanke ya fita. Har a rufin sandar walda ana sa shi. Amma fa na masana'anta daban, na abinci da magani daban, tacewarsu ba ɗaya ba ce, kada wani ya ce zai ɗanɗana na rini.

Ƙanwata da ta turo hoton 'yan ƙwallayen nan masu fashewa a baki, su ma shi ne. Ana ɗiga ruwan 'ya'yan itace mai aljinet cikin ruwan kalsiyam, wajen ɗigon ya yi fata, cikinsa ya zauna ruwa. Wani mai dafa abinci ɗan Sifaniya, Ferran Adrià, shi ya shahara da wannan wajen 2003. A gasar gudun famfalaƙi ta Landan ta 2019 ma an raba wa 'yan gudu abin sha a ƙunshe cikin fatar da aka yi da ciyawar teku, mutum ya jefa a baki ya haɗiye har fatar, ba robar da za a yar.

Yaya, ki ɗauki hoton bayan kwalbar ki turo min, in ga yawan sodiyam ɗin da aka rubuta kafin ki koma wurin likita. Sai an jima.