Jijiyar kafaɗata ta yage, dole sai an yi min aiki?

Tambaya: Likita, shekarata 52. Wata uku ke nan kafaɗata ta dama tana ciwo, da dare ba na iya kwanciya a kanta, sa riga ma sai da ƙyar. An yi min hoton MRI, aka ce jijiya ta yage. Dole sai an yi min aiki?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ba dole ba ne.

Tsokoki huɗu ne suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka rungume kan ƙashin damtse, su ke riƙe shi a gurbinsa duk lokacin da ka ɗaga hannu. Ta sama ita ta fi yagewa. Daga shekara 40 zuwa sama jijiyar kan fara lalacewa a hankali kamar igiyar da ta daɗe tana aiki, musamman ga masu aikin da hannu ke sama kullum, irin su fenti da kafinta. Tsofaffi da yawa suna da wannan yagewar ba su ma sani ba, don haka hoton kaɗai ba ya yanke hukunci.

Abin da na fi so in sani shi ne yadda ciwon ya fara. In faɗuwa ka yi, ko ka fizgi kaya mai nauyi, nan take hannun ya ƙi ɗaguwa, to kada ka jinkirta ganin likitan ƙashi, domin jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya tana janyewa, tsokar ta rame, ɗinkin ya yi wuya. In kuwa sannu a hankali ya zo, akan fara da gashin ƙashi na tsawon wata 3 zuwa 6, da maganin rage ciwo, wani lokaci da allurar kashe kumburi. Galibi yagewar ba ta haɗewa da kanta, amma sauran tsokokin kan yi ƙarfi su ɗauki nauyin, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi a haka.

Don Allah kada ka naɗe hannun ka daina motsa shi saboda tsoron ciwo. Kafaɗa tana saurin sandarewa, balle in kana da ciwon suga. Da dare ka kwanta ta ɗaya ɓangaren, ka rungume matashi a ƙarƙashin hannun.

In aka kai ga aiki, za a rataye hannun mako 4 zuwa 6, ƙarfinsa kuma sai bayan watanni na motsa jiki yake dawowa.