Amsa ga ƙanwarmu da ta samu zaman residensi

Wa alaikumus salam. Ƙanwata Allah ya sanya alheri, na ga kin ce an ɗauke ki residensi na sati 6 a Legas, wato zaman da ake gayyatar mai fasaha ya je wani wuri ya yi aikinsa, kuma a ƙarshe za a baje kolin abin da kika ƙera, kina tambaya ta ina za ki fara. Ni ma na yi irinsa nan Legas, aikina ƙarfe ne, walda, to ki saurare ni.

Ranar da kika isa, kafin ki taɓa komai, ki ce a nuna miki ɗakin da za a baje kayan, ki tafi da tef ki auna ƙofa. Wallahi ƙofa. Ni na yi sati 4 ina haɗa wani babban dagin arewa da tsofaffin sarƙar babur da sifirin ɗin mota da na tsinto a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Owode Onirin, wani ɗan gwangwan mutumin Katsina ne ma ya riƙa ware min masu kyau, ranar kai kaya muka iso da shi a bayan mota bayan mun sha gosulo, sai ga shi ya fi ƙofar faɗi da kamar taƙi ɗaya. A bakin titi na yanka shi biyu da giranda, na sake ɗinke shi a ciki da janareto na haya, har yau in na kalli wurin ɗinkin nan raina sai ya sosu.

Sai damina. Iskar Legas ba irin ta Kano ko Zariya ba ce, danshi ne da gishirin teku, ƙarfen da kika goge yau jibi ya fara tsatsa, in kuma yumɓu kike yi ba zai bushe da wuri ba. Don haka sati na 5 ki ɗauka kin gama, na 6 na fenti ne da ɗauko da kafawa.

Maganar kuɗi kuma kar ki ji kunya, ki tambaya tun yanzu a rubuce: wa zai biya mota, in an sayar nawa ne kason masu shirin, in ba a sayar ba wa zai ajiye. Ayyukana guda 2 sun kwana wata 3 a shagon wani ɗan'uwa a Agege.

Kuma don Allah kar ki kulle kanki a situdiyo. Ki leƙa Universal Studios of Art, wurin aikin masu sassaƙa da zane da ke gefen National Theatre a Iganmu ki ga tsofaffin hannu, ki je CCA, cibiyar fasahar zamani a Yaba, wadda marigayiya Bisi Silva ta kafa a 2007, akwai laburare. In zamanki ya kai Nuwamba akwai ART X Lagos, babban baje kolin kayan fasaha.

Za su tambaye ki me ya sa ba kya sassaƙa siffar mutum, ni kusan kowa sai da ya tambaye ni ranar buɗewa. Ki shirya amsarki cikin natsuwa. Wane irin kaya ma kike aiki da shi, itace ko yumɓu? Faɗa min in san wa zan haɗa ki da shi.